Yaushe Ne Alhakin Ceton Rai Ya Ke Farawa?

A wannan wata ina so mu yi shawara tare a kan wata tambaya mai wuya. Daga ɗakin haihuwa ta fito, amma ta shafi kowane mutum wanda aka danƙa wa amana. Bari in kafa ta da misali.

A ce ga ungozomai biyu, kowacce tana aiki a wani ƙaramin asibiti na ƙauye, nesa da birni. Dukansu masu tausayi ne, ba mai ƙyuya a cikinsu. Makaranta ɗaya suka yi, takardar shaida iri ɗaya suka karɓa. Ran nan da tsakar dare aka haifi jariri a hannun kowacce, bai yi kuka ba, ba ya motsi, jikinsa duk ya saki. Ta farin ta share shi, ta kwantar da shi, ta ɗauko abin hura iska ta hura masa, kafin minti biyu yaro ya tsala kuka. Ta biyun ita ma ta ɗauko nata, amma hannunta yana rawa, ta kifa shi a karkace, iska tana zurarewa ta gefe. Ta yi ta fama iyakar ƙarfinta har yaro ya cika. Bambancin da ke tsakaninsu ɗaya ne tak. Ta farin ta saba gwada wannan aiki kowane mako a kan 'yar tsana ta roba. Ta biyun kuwa, rabonta da taɓa abin tun ran da ta bar makaranta.

To, ta biyun nan tana da laifi? In mun dubi daren nan kaɗai, ba za mu ga laifinta ba. Ba ta yi barci ba, ba ta gudu ba, har ma ta zub da hawaye tare da uwar. Duk da haka zuciya ba ta yarda a ce ba kome, gama yaron da ya kamata ya rayu ya mutu. In akwai alhaki, a kan wa ya ke, yaushe kuma ya fara?

Minti Na Fari

Kafin mu yanke magana, ya kamata mu san yadda abin ya ke. Jariri a cikin uwarsa ba ya shan iska da huhunsa. Huhun cike ya ke da ruwa, abin da jikinsa ke bukata daga iska kuwa yana samu ne daga jinin uwar, ta hanyar mabiyiya da cibiya. Da fitowarsa duniya, tilas ne huhun ya buɗe, ruwan ya kau, iska ta shiga. Kukan farin nan da mata ke jira kafin hankalinsu ya kwanta, shi ne alamar an yi wannan babban canji. Yawancin jarirai su kan yi shi da kansu tun rabin minti bai cika ba. Amma likitoci sun lissafta, cikin jarirai 100, kamar 10 suna bukatar a taimake su kafin su soma numfashi. Waɗansu da an share jikinsu sosai da busasshen zane, an murza bayansu, sai su farka. Kamar 5 kuwa sai an hura musu iska. Wanda za a kai ga danna masa ƙirji ko a yi masa allura bai kai 1 cikin 100 ba.

Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba. Jaririn da ya fito shiru, ba kuka ba motsi, sau da yawa zuciyarsa tana bugawa. Doguwar naƙuda ko cibiyar da ta matsu ce ta tauye shi har ya bar ƙoƙarin numfashi, amma zuciyar ta kan ci gaba da aiki waɗansu mintoci, tana ragewa kaɗan kaɗan kamar fitilar da manta ke ƙarewa. In iska ta shiga huhu da wuri, zuciya ta kan farfaɗo, jiki ya yi ɗumi, yaro ya ja numfashi. In an yi jinkiri, ta tsaya. Saboda haka waɗansu cikin jariran da a kan ce sun zo ba rai, da ransu suka zo.

Abin aikin kuwa ba shi da tsada ƙwarai. 'Yar jaka ce ta roba, a bakinta akwai wani ɗan murfi mai taushi wanda a ke kifawa bisa hancin jariri da bakinsa. In an matsa jakar sai ta tura iska, in an sake ta sai ta cika da kanta, kamar zugazugin maƙeri. Ba ta bukatar lantarki. Ko tukunyar iskar asibiti ma ba lalle ba ce da fari, gama a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, jaririn da watanninsa suka cika a fara masa da iskar nan da dukanmu ke shaƙa. A kan matsa jakar kamar sau 40 cikin minti ɗaya, ana duban ƙirjin yaro ko yana tashi.

Da faɗi abin yana da sauƙi, da yi kuwa akwai wuya. Jikin jariri jiƙe ya ke, yana santsi. In kansa ya sunkuya da yawa, ko ya koma baya da yawa, hanyar iska ta kan toshe. In murfin bai zauna daidai a fuska ba, iska sai ta fita ta gefe, mai matsawa tana tsammani tana aiki alhali kuwa huhu bai sami kome ba. Wajibi ne ta gane haka nan da nan, ta gyara kai, ta gyara murfi, ta sake gwadawa. A 2010 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da waɗansu abokan aiki, suka fito da wani shirin koyarwa domin ƙasashen da ba su da kayan aiki da yawa, ma'anar sunansa ita ce taimakon jarirai su yi numfashi. Suka sa wa minti na fari suna Mintin Zinariya. Watau kafin minti ɗaya ya cika bayan haihuwa, ko dai yaro yana numfashi da kansa, ko kuwa an riga an fara hura masa iska.

Abin Da Aka Gani A Haydom

Akwai wani asibitin karkara wanda ya koya wa duniya abu mai yawa a kan wannan magana. Haydom gari ne a arewacin Tanzaniya, a yankin Manyara, tafiyar kamar kilomita 300 daga birnin Arusha. 'Yan mishan na Lutheran daga ƙasar Norwe suka buɗe asibiti a can a 1955, daga baya ya koma hannun ekklesiyar Lutheran ta Tanzaniya. A shekarun da mu ke magana a kai, a kan haifi jarirai kusan 5,000 a can kowace shekara, ungozomai ne kuwa ke karɓar yawancin haihuwa. Tun 2009 waɗansu masu bincike, cikinsu har da Likita Hege Ersdal ta Norwe da Estomih Mduma na Tanzaniya, suka sa mutane su riƙa tsayawa a ɗakin haihuwa dare da rana da agogo a hannu, suna rubuta lokacin da aka haifi kowane yaro, da lokacin da ya yi numfashi, da abin da aka yi masa.

Abu na fari da agogo ya nuna, wanda suka buga a 2012, shi ne tsadar jinkiri. Duk rabin mintin da aka ƙara kafin a fara hura wa yaro iska, hatsarin ya mutu ko ya daɗe kwance a asibiti ya kan ƙaru da kashi 16 cikin 100.

Abu na biyu ya ba su mamaki. A 2010 aka tara ma'aikatan ɗakin haihuwa aka yi musu koyarwar yini ɗaya. Bayan wata bakwai aka jarraba su a kan 'yar tsana, aka tarar waɗanda suka ci jarrabawar sun fi na dā yawa nesa. Amma da aka dubi littafin masu agogo, sai aka ga a ɗakin haihuwa aikin bai gyaru ba, mutuwar jarirai kuma ba ta ragu ba. Sun koyi abin, sun iya shi a gaban mai jarrabawa, amma bai bi su zuwa bakin gado ba.

Sa'an nan a watan Fabrairu na 2011 suka sake dabara. Aka ajiye 'yar tsanar a ɗakin haihuwa, inda kowa ke ganinta, aka sa ungozomai su riƙa gwada aikin a kai a kai, minti uku zuwa biyar kawai, a wurin aikinsu, da 'yan'uwansu na aiki suna dubawa. Da aka gwama shekarar da ta gabata da wadda ta biyo, aka tarar jariran da ke mutuwa cikin sa'a 24 na fari sun ragu daga kamar 11 cikin 1,000 zuwa kamar 7 cikin 1,000. A asibiti mai haihuwa kusan 5,000, wannan ya kama kusan yara 20 ke nan cikin shekara guda. Har ma yawan waɗanda aka kai ga hura musu iska ya ragu, domin ungozomai sun zama masu saurin share yaro da murza bayansa tun abin bai yi nisa ba. An buga wannan rahoto a 2015.

'Yar tsanar da suka yi aiki da ita, kamfanin Laerdal ne na birnin Stavanger a Norwe ya yi ta, sunanta NeoNatalie. Mai kamfanin na fari, Asmund Laerdal, dā mai yin kayan wasan yara ne, shi ne kuwa ya fito da mutum-mutumin roba na koyon farfaɗo da manya a 1960. Ita wannan ta jarirai a kan ɗura mata ruwa har ta yi nauyin jariri. In iska ta shiga daidai ƙirjinta ya kan tashi, in ba ta shiga ba, ba ya tashi.

Sanin Kai Da Sanin Hannu

Me wannan labari ya koya mana? Sani iri biyu ne. Akwai wanda ke zaune a kai, akwai kuma wanda ya sauka cikin hannu. Mutum ya iya karanta yadda a ke hawan keke har ya koya wa wani da baki, amma ran da ya hau sai ya faɗi. Masaƙi kuwa yana taɗi da maƙwabcinsa, hannunsa da ƙafarsa suna aiki ba ya ko dubansu. Sa'ad da tsoro ya kama mutum, sanin kai ne ya kan fara guduwa. Abin da ya rage masa sai abin da hannu ya saba. Ba kuwa tsoron da ya fi na mace ita kaɗai da dare, ga uwa tana zub da jini, ga jariri ba ya motsi, ga dangi a bakin ƙofa suna tambaya.

Sanin hannu kuma ya kan yi tsatsa kamar fartanyar da aka bari a waje. A nan ne wahalar asibitin ƙauye ta fi ta birni. Bari mu yi lissafi. A ce ƙaramin asibiti yana karɓar haihuwa 20 a wata. In 5 cikin 100 ne ke bukatar a hura musu iska, to, yaro ɗaya ke nan a wata. In ma'aikata huɗu ne ke karɓar aiki bi da bi, kowacce za ta iya yin wata huɗu ba ta gamu da irin wannan ba. A babban asibitin birni hannu ba ya hutawa, akwai kuma likitan yara da za a kira. A ƙauye ba wanda za a kira, ba kuma inda za a aika, gama ba motar da za ta kai yaro birni cikin minti ɗaya. Watau inda aka fi bukatar gwanin hannu, nan ne aiki da kansa ba ya isa ya riƙe gwanintar.

Yanzu sai mu koma ga tambayarmu. Mun saba auna kirkin mutum da abin da ya zaɓa a lokacin da abu ya faru, ko ya tsaya ko ya gudu, ko ya ji tausayi ko ya taurare. Wannan ma'auni yana da kyau ga yawancin al'amura. Amma akwai ayyukan da lokacinsu ya yi gajarta, har ba wurin zaɓe a ciki. Cikin minti ɗaya ba a yin shawara, ba a buɗe littafi. Abin da mutum ya zo da shi, da shi zai yi aiki. In haka ne, ashe zaɓen da ya raba ungozoman nan biyu an yi shi tun kafin daren. An yi shi wata ranar Talata da la'asar, sa'ad da ɗaki ya ke shiru, ɗaya ta tashi ta ɗauki 'yar tsana minti biyar, ɗaya kuwa ta ce ai ta riga ta sani. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka amsata ita ce, alhakin ceton rai ya kan fara tun ran da mutum ya karɓi aikin. Wadda ta yarda a kira ta ungozoma ta yi wa kowace mai ciki a ƙasar alkawari, ko da ba ta faɗa da baki ba, cewa ran da aka zo wurinta za a tarar da ita a shirye. Tausayin da ke zuwa sai an ga wahala da ido, kowa yana da shi. Akwai kuma wani tausayi wanda ya fi wannan wuya, shi ne na jin ƙan yaron da ba a ko ɗauki cikinsa ba tukuna, har a ɓata masa minti biyar yau. Ba mai yi wa wannan godiya, gama ba mai gani, amma shi ne ke sa yaro ya yi kuka.

Ga kuma wata magana. Koyo tilas ne, ba wanda aka haifa da iyawa. Abin tambaya shi ne, a kan wa za a koya? Wadda ba ta yi kuskurenta a kan roba ba, za ta yi shi a kan ɗan wani. A dā, a waɗansu manyan asibitocin duniya, masu koyo su kan gwada sa bututu a maƙogwaron wanda ya cika yanzu yanzu, wani lokaci ba tare da an tambayi danginsa ba, abin kuwa ya jawo gardama mai yawa tsakanin likitoci. 'Yar tsana ta raba mai koyon aikin fari da wannan duka. Ana iya kuskure a kanta sau ɗari, ba uwar da za ta yi makoki.

Amma kada mu yi saurin ɗora kaya duka a kan mace ɗaya. In 'yar tsana tana nan, an kira ta gwaji ta ƙi, lalle alhaki yana kanta, ya kuwa fara tun makonni da suka wuce. In kuwa ba wanda ya taɓa kawo 'yar tsana, in jakar ta tsage ba a sake ta ba, ko tana kulle a kabad mai mabuɗi ya tafi gida, in mace ɗaya ce aka bar wa majinyata talatin, to, alhakin ya hau sama. Ya kai ga shugaban asibiti, da 'yan kwamiti, da masu raba kuɗi, har ya kai gare mu da ba mu taɓa tambaya ba. Dalilin neman inda alhaki ya ke shi ne a san inda za a gyara, domin kada yaro na gaba ya bi sawun na fari.

Masu Musu

Akwai masu hankali waɗanda ba su yarda da wannan magana ba, ya kamata kuwa a ji ta bakinsu.

Wani ya ce, ma'aikata kaɗan ne, marasa lafiya suna jira a layi, ina lokacin wasa da 'yar tsana? Gaskiya ne lokaci yana da tsada a asibitin ƙauye, wanda bai taɓa aikin dare ba kada ya raina wannan ƙara. Amma abin da aka gani a Haydom shi ne, koyarwar yini guda ba ta isa ba, gwajin minti biyar da aka yi ta maimaitawa ne ya kawo amfani. Ana iya yinsa sa'ad da masu aikin dare ke miƙa wa na safe aiki. Mai yankan ciyawa da ya tsaya ya wasa laujensa, ba wanda zai ce ya bar aiki.

Wata ta ce, shekarata ashirin ina karɓar haihuwa, yaya yarinyar da aka haifa a hannuna za ta tsaya tana gyara mini? Wannan kunya ce, kunya kuwa abu ne mai kyau a wurinsa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. 'Yar tsana ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba, ƙirjinta ko ya tashi ko bai tashi ba. Gara mutum ya ji kunya minti ɗaya a gaban abokan aiki, da ya ɗauki abin da ya fi kunya nauyi har iyakar ransa. Maganin wannan yana hannun manya. In babbar ungozoma ce ta fara ɗaukar jakar, ta yarda a gyara mata, sauran ba za su ji nauyi ba. Wanda kuwa ya yi wa mai kuskure dariya a wurin gwaji, ya hana ta sake zuwa, shi ma yana da rabo cikin alhakin.

Wani kuma ya ce, rai na Allah ne, wanda kwanansa ya ƙare ba jakar robar da za ta komo da shi, yin haka kamar jayayya ce da Mahalicci. Lalle rai na Allah ne, ba ungozomar da ta taɓa ba kowa rai. Amma mun riga mun ga yaron nan zuciyarsa tana bugawa, ransa yana tare da shi, ƙofar iska ce kaɗai ba ta buɗe ba. In yaro ya faɗa rijiya, ba mai tsayawa a baki ya ce bari mu ga ko kwanansa ya ƙare. Igiya a ke nema. Manomi ya kan roƙi ruwa, ya kuma yi huɗa, ba wanda ya ce masa marar bangaskiya. A Littafin Sarakuna na Biyu, sura 4, mun karanta yadda annabi Elisha ya yi addu'a a kan ɗan matar nan ta Shunem, sa'an nan ya miƙe bisa yaron da jikinsa. Wancan al'ajibi ne, ba koyarwar asibiti ba ce, amma ko a can addu'a da aikin jiki ba su yi gāba da juna ba. Wanda ya ba mu huhu, shi ne ya ba mu hankalin gane yadda ya ke buɗewa. Kiran sakacinmu da sunan nufin Allah, wannan ne abin jin tsoro.

Akwai musu na huɗu wanda ya fi sauran nauyi. Aka ce, in an farfaɗo da yaron da ya daɗe ba iska, watakila ya tashi da naƙasa a ƙwaƙwalwa, ya zama wahala ga kansa da iyayensa matalauta. Wannan ya kan faru, ba za mu ɓoye ba. Amma jinkiri ne ke ɓata ƙwaƙwalwa, saurin hannu kuwa shi ne ke kāre ta. Don haka mai tsoron naƙasa, shi ya kamata ya fi kowa son a yi gwaji. An kuma bi sawun jariran da aka farfaɗo da su ta wannan hanya a Indiya da Pakistan da Zambiya, rahoton 2012 ya nuna yawancinsu da suka kai shekara ɗaya suna girma daidai da sauran yara. Wanda kuma ya tashi da naƙasa, mutum ne cikakke, ba mu da iko mu yanke masa hukunci a minti na fari bisa ga zato. Duk da haka aikin yana da iyaka. Likitoci suna da ƙa'idar lokacin da za a dakata, in an hura iska yadda ya kamata, an daɗe, ba a ji bugun zuciya ba. Sanin lokacin dakatawa, da sanin yadda za a faɗa wa uwa da ladabi, su ma cikin abin da a ke koya su ke.

Gama ko an yi gwaji kullum, waɗansu yara za su mutu. A Haydom ma 7 cikin 1,000 sun rage. A nan akwai wata amana ta dabam, ita ce ta rubuta gaskiya a littafin asibiti. Akwai jaraba a rubuta cewa yaro ya zo ba rai, alhali kuwa zuciyarsa ta buga, domin kada a yi tambaya. Wadda ta yi haka ta rufa wa kanta asiri yau, amma ta rufe wa asibiti ido. Mutanen Haydom sun gane koyarwarsu ta fari ba ta yi amfani ba domin sun yarda agogo ya faɗi gaskiya a kansu. Da sun ƙi jin abin da ba su so, da ba su sake dabara ba.

Namu Rabo

Watakila mai karatu ya ce, ni ba ma'aikacin asibiti ba ne, ina ruwana? Bari mu dubi gida. A 2022 jarirai kamar miliyan 2.3 suka mutu a duniya tun ba su cika wata ɗaya ba, rashin numfashi a wurin haihuwa kuwa yana cikin manyan dalilai. A Nijeriya, babban binciken lafiya na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin 1,000 suna mutuwa cikin watan fari, haihuwa 39 kaɗai cikin 100 a ke yi a asibiti, a arewa maso yamma kuwa ba su kai 2 cikin 10 ba. Kome gwanintar hannun ungozoma, ba zai kai ga yaron da aka haifa a bayan ɗaki, mil goma daga wurinta ba.

Ashe maganar shiri ta hau kan maigida kamar yadda ta hau kan ungozoma. Mijin da ya tashi neman mota da rance sa'ad da naƙuda ta kwana biyu, shi ma yana fafe gora ranar tafiya. Tun ciki yana wata bakwai ya kamata a san inda za a haihu, da wanda zai kai, da kuɗin da za a biya. In maigida zai yi tafiya, ya bar izini tun da wuri, kada a zauna jiransa. Iyaye mata kuma, ku lura da 'yan matan da ke haihuwar fari, waɗanda kunya ta kan sa su ɓoye naƙuda. Dabarun dā kamar yayyafa wa jariri ruwan sanyi, ko riƙe shi ƙafa sama ana bugunsa, likitoci sun hana su, gama sanyi yana cutar jariri, lokaci kuma yana wucewa. Aikin jakar nan kuwa ba a koyonsa daga takarda irin wannan, sai a hannun malamin da ya iya.

Ku kuma da ke cikin kwamitin asibiti ko ɗakin magani na garinku, in kun zauna kada magana ta tsaya a kan kwanon rufi da albashi. Ku tambaya, akwai jakar hura wa jariri iska? Tana aiki, tana kuma kusa da gadon haihuwa? Akwai 'yar tsanar gwaji, yaushe rabon da a taɓa ta? Ku yi tambayar da ladabi, kamar masu son taimako, gama yawancin ma'aikatan nan suna ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinsu. In babu, zumuntar mata ko ta matasa ta iya ɗaukar nauyin sayen abin, da kuɗin motar wanda zai zo ya koyar. In kuwa kun leƙa ɗakin haihuwa wata rana kuka tarar da manyan mata sun kewaye 'yar tsana, ɗaya tana matsa jaka ɗaya tana duban agogo, ku gaishe su da aiki, ku ja musu ƙofa a hankali. Allah ya ƙarfafa hannuwansu, ya kuma sa mu riƙe tamu amana tun kafin ranar bukata.